TSAKANIN MUDU DA IDON MAI AWO: TARIHIN IKON DUBA HALI WAJEN TALLAFA WA ƊALIBAI A AMURKA

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau tsohuwar matsala ce wadda takan addabi duk hukumar da aka danƙa wa rabon abin da bai isa kowa ba. In aka ce ga kuɗi a taimaki 'ya'yan marasa ƙarfi su yi karatu, wa zai faɗi ko wane ne marar ƙarfi? Da me za a auna shi? In kuwa an sami abin awon, me za a yi ran da ya nuna cewa mutum yana da hali, alhali kowa na gani ba shi da na tuwon dare? Na zaɓi in bi sawun wannan matsala a Amurka, domin a can an shafe shekara fiye da saba'in ana kokawa da ita a rubuce, kuma kowane mataki da aka ɗauka ya bar alama cikin dokokinsu.

Dokar Amurka ta ba jami'in da ke kula da tallafin ɗalibai a kowace makaranta ikon ya gyara bayanan da aka auna ɗalibi da su, in ya ga ba su dace da halin da ɗalibin ke ciki ba. Sunan da suka ba wannan iko ana iya fassara shi da "hukuncin masanin aiki". Ni kuwa zan kira shi ikon duba hali, domin in raba shi da ganin dama. Mai ganin dama ba ya ba kowa dalili. Mai duba hali kuwa tilas ya kawo hujja, ya rubuta ta, ya kuma tsaya a bincike shi. Tarihin da za mu bi, tarihi ne na yadda aka tashi daga na farkon aka nufi na biyun, da kuma abin da har yanzu ya rage a kan hanya.

Zamanin ganin dama

A shekarar 1643 wata attajira ta birnin Landan, Anne Radcliffe, wadda aka fi sani da Lady Mowlson, ta ba kwalejin Harvard fam 100 domin a riƙa taimakon wani ɗalibi matalauci. Wannan ita ce kyautar karatu ta farko da aka sani a tarihin wannan kwaleji. Daga nan har wajen shekara ɗari uku, taimakon ɗalibi a Amurka alheri ne na masu hannu da shuni da majami'u. Mai bayarwa yakan gindaya sharaɗinsa, watau ya ce sai ɗan garinsu, ko ɗan ɗarikarsu, ko mai niyyar zama malamin coci. Shugaban kwaleji ko wani babban malami shi ke duban yaro ya yanke. Babu wani mudu guda da ake awo da shi, saboda haka wanda ya sami mai tsaya masa ya samu, wanda bai samu ba ya koma gona.

Babban canji na farko ya zo da Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 aka kafa dokar da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, har mutum wajen miliyan 2.2 suka shiga kwalejoji da jami'o'i ta wannan hanya. Wannan doka ba ta tambayi talaucin kowa ba. Aikin soja shi ne sharaɗi. Amma ta bar aiwatarwa a hannun jami'an jihohi da na garuruwa da su makarantun kansu. A jihohin Kudu, inda wariyar launin fata take doka a lokacin, baƙaƙen sojoji da yawa suka iske ƙofofin manyan jami'o'i a rufe, 'yan kwalejojin da aka ware musu kuwa ba su da wurin da zai ɗauke su duka. Wannan ya kamata mu riƙe tun daga farko: doka tana iya zama ɗaya ga kowa a takarda, amma hannun da ya raba shi ne ke faɗin wanda zai ci.

Haihuwar mudu

Da sojojin nan suka gama karatu a farkon shekarun 1950, kwalejoji suka shiga gasar neman ɗalibai masu hazaƙa. Kowace tana ƙara wa tayinta kuɗi don ta janye yaro daga 'yar'uwarta, ko da kuwa uban yaron attajiri ne. Kuɗin da aka tanada domin marasa ƙarfi sai ya koma abin ciniki. A 1953 John Monro, wanda ke kula da tallafin ɗalibai a Harvard, ya gabatar wa taron kwalejoji hanyar da suke bi su auna ƙarfin iyali. Shekara guda bayan haka, watau 1954, ƙungiyar College Board ta kafa wani sashe na musamman domin wannan aiki, aka kuma fito da takarda guda wadda iyaye za su cika su bayyana abin da suke samu da abin da suka mallaka da yawan bakin da suke ciyarwa.

Ƙa'idar da aka kafa a lokacin ita ce ginshiƙin tsarin har yau. Nauyin karatun ɗa yana wuyan iyayensa gwargwadon ƙarfinsu, abin da ya gagare su kuwa shi ne bukata. Alal misali, a ƙaddara karatun shekara guda, da kuɗin makaranta da na ɗaki da abinci da littattafai, ya kama dala 30,000, lissafi kuma ya nuna iyali za su iya kawo dala 10,000. To, bukatar ɗalibin ita ce dala 20,000, kuma a cikinta ne za a shirya masa kyauta da rance da ɗan aikin yi. Sai dai a wancan zamani abin da lissafi ya fitar shawara ce kurum. Kuɗin na makaranta ne, jami'inta kuwa yana da damar ya ɗaga ko ya sauke yadda ya ga ya dace.

Wasu manyan makarantu masu zaman kansu na arewa maso gabashin ƙasar sun kai abin har ga zama tare kowace shekara, suna kwatanta takardun yaran da suka nemi shiga fiye da ɗaya daga cikinsu, su daidaita abin da za a ce iyalin kowane yaro su biya. Su a ganinsu adalci ne, domin kada a yi cinikin yara. Ma'aikatar Shari'a kuwa ta ga haɗa baki ne a kan farashi, ta kai su ƙara a 1991. Jami'o'i takwas suka amince su daina, MIT kaɗai ta tsaya aka yi shari'a da ita, kafin a sasanta a 1993.

Shigowar kuɗin gwamnati

A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, sai ga dokar 1958 wadda ta kawo rancen gwamnati ga ɗalibai. A ranar 8 ga Nuwamba 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Ilmi Mai Zurfi, a tsohuwar kwalejinsa ta horon malamai da ke San Marcos a jihar Texas. Babi na huɗu na wannan doka shi ne uwar dukan tallafin tarayya. A 1972 kuma, da ƙoƙarin Sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, aka kafa wata kyauta wadda take bin ɗalibi duk makarantar da ya zaɓa. A 1980 aka sa mata sunansa. A shekararta ta farko, 1973 zuwa 1974, mafi yawan abin da ɗalibi ya samu dala 452 ne. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya kai dala 7,395.

Da kuɗin jama'a ya shigo, magana ta sake. Abin da makaranta za ta yi da dukiyarta ba wanda zai tuhume ta, amma kuɗin haraji dole a faɗi yadda aka yi da kowace dala. Bugu da ƙari, muduka suka yi yawa: gwamnatin tarayya da nata, jihohi da nasu, ƙungiyoyin da ke yi wa makarantu lissafi su ma da nasu, har iyali guda su cika takardu iri iri su sami amsoshi masu saɓa wa juna. Wani kwamiti a ƙarƙashin Francis Keppel, tsohon kwamishinan ilmi na ƙasar, ya zauna a 1974 da 1975 ya fito da hanyar lissafi ta bai ɗaya wadda yawancin makarantu suka karɓa.

Dokar 1986

Shekarar 1986 ita ce mahaɗar wannan tarihi. A farkon mulkin Shugaba Reagan an yi ta ja-in-ja tsakanin Majalisar Dokoki da ɓangaren zartarwa, wanda ke neman rage kashe kuɗi ta hanyar tsananta lissafin. Saboda haka da aka zo sabunta dokar, Majalisa ta ɗauki lissafin kansa ta rubuta shi cikin doka, yadda ba mai iya taɓa shi sai ita. Mudun da dā na katako ne, ana iya fafe shi, ya koma na ƙarfe.

Amma 'yan majalisar sun san abin da hakan zai haifar. A wancan lokaci lissafi yana dogara ne a kan abin da iyali suka samu a shekarar da ta wuce, domin ita ce ke da takardun haraji. Watau yana auna jiya, ɗalibi kuwa yau zai biya. Uban da ya sami albashi mai kyau bara yana iya rasa aikinsa bana, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu, ko aure ya mutu. Don haka a cikin wannan doka ɗin dai suka sa sashe na 479A, wanda ya ba jami'in tallafi na makaranta ikon duba hali. A 1992 aka haɗe lissafin tarayya ya zama guda, aka fito da takardar nema ta kyauta mai suna FAFSA, aka kuma daina lissafa gidan da iyali ke zaune a ciki cikin dukiyarsu. A 1998 Majalisa ta jera misalan abin da jami'i zai iya dubawa: rasa aiki kwanan nan, kuɗin asibiti da inshora ba ta biya ba, kuɗin makarantar ƙannen ɗalibi, tsadar renon yara da ta wuce kima, da makamantansu.

Ya kamata mu tsaya mu dubi iyakokin da aka yi wa wannan iko, domin a cikinsu ne hikimar abin take. Na farko, sai mutum ɗaya ɗaya. Ba a yarda jami'i ya ce duk 'yan gari kaza ko masu sana'a kaza an rage musu ba. Dole halin ya zama abin da ya bambanta wannan ɗalibi da sauran ire-irensa. Na biyu, sai da shaida a rubuce, kamar takardar sallama daga aiki, ko rasit na asibiti, ko takardar mutuwa, a ajiye cikin fayil. Na uku, jami'i ba shi da ikon taɓa lissafin, ba kuma zai tsallaka ya rubuta amsar da yake so ba. Abin da zai iya shi ne ya gyara bayanan da ake zubawa cikin lissafin, ko ya gyara kiyasin tsadar karatun, sa'an nan ya karɓi abin da ya fito. Na huɗu, hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Ɗalibi ba zai ɗaukaka ƙara zuwa Ma'aikatar Ilmi ba. In mun koma ga misalinmu na ɗazu, jami'in ba zai soke dala 10,000 ya rubuta sifiri ba. Zai cire albashin da uban ya daina samu, ya sa abin da ake sa ran zai samu bana, ya sake bugawa. A taƙaice, an bar wa mai awo ya duba irin hatsin da ake zubawa, amma an hana shi sake girman mudu.

Wane ne ɗan kansa?

Akwai wani ɓangare na wannan iko da ya fi kowane wuya. Doka tana ɗaukar ɗalibin digiri na farko a matsayin wanda ke ƙarƙashin iyayensa har ya kai shekara 24, sai fa in ya yi aure, ko yana da 'ya'yan da yake ciyarwa, ko ya yi aikin soja, ko maraya ne, da wasu 'yan dalilai irin waɗannan. Wanda ke ƙarƙashin iyaye kuwa ba za a auna shi ba sai da bayanan iyayen. To, ina yaron da ya gudu daga gida saboda azaba, ko wanda iyayensa suka yi watsi da shi? In an ce sai ya kawo sa hannun uban da ya kore shi, an rufe masa ƙofa ke nan. Saboda haka aka ba jami'i ikon ya mai da irin wannan yaro ɗan kansa.

Amma nan ma akwai tarko. In aka buɗe wannan ƙofa sosai, kowane uba mai hali zai ce ya janye hannunsa, gwamnati ta biya. Don haka a 2003 Ma'aikatar Ilmi ta bayyana abubuwa huɗu da ba su isa hujja ba: iyaye sun ƙi biya, iyaye sun ƙi ba da bayani, iyaye ba su sa ɗan cikin takardar harajinsu ba, ko ɗalibi yana ciyar da kansa. Wannan ƙa'ida ta tsare baitulmali, amma ta bar wasu yara a tsakiya, waɗanda iyayensu ke da hali amma ba su da niyya. A 2007 wata doka ta ɗan rage matsalar, ta sa matasa marasa matsuguni da ba sa tare da iyayensu cikin jerin 'yan kansu.

Gwajin zamanin wahala

Darajar ikon duba hali takan fito ne lokacin da masifa ta auka wa jama'a da yawa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, miliyoyin mutane suka rasa aiki, takardunsu na bara kuwa suna nuna su da wadata. A watannin Afrilu da Mayu na 2009 Ma'aikatar Ilmi ta aika wa makarantu wasiƙu tana ƙarfafa musu gwiwa su yi amfani da ikonsu, har ta ce ɗalibi ɗan kansa da ya nuna shaidar yana karɓar kuɗin rashin aiki ana iya ɗaukar abin da yake samu daga aiki a matsayin sifiri. Abin lura a nan shi ne sai da aka roƙi jami'an. Dalili kuwa, makarantar da masu binciken gwamnati suka iske ta yi gyara ba da cikakkiyar shaida ba, ita za ta mayar da kuɗin. Jami'i mai tsoron bincike yakan ga ƙin taɓa fayil ya fi masa kwanciyar hankali.

A 2015 Shugaba Obama ya ba da sanarwar cewa daga shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 za a riƙa amfani da kuɗin shigar shekara biyu baya, domin iyalai su cika takarda da wuri da bayanan harajin da suka riga suka kammala. Wannan ya sauƙaƙa nema, amma ya ƙara nisa tsakanin abin da aka auna da halin da ake ciki. Da annobar korona ta zo a 2020, an auna iyalai da abin da suka samu a 2018, lokacin da kantunansu ke buɗe. A farkon 2021 Ma'aikatar ta sake fitar da irin wasiƙar 2009.

Aibin da ya rage

Duk da iyakokin nan, akwai wani aibi da dokar 1986 ba ta magance ba. Ikon duba hali ba ya motsi sai an nema, kuma ba mai nema sai wanda ya san akwai shi. Iyalin da suka yi jami'a sun san ana rubuta wasiƙa a nemi a sake dubawa, sun san irin takardun da ake haɗawa, wasunsu ma suna biyan masu ba da shawara. Yaron da shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a yakan ɗauki wasiƙar makaranta tamkar hukuncin alƙali, ya dubi adadin, ya haƙura. Har ila yau, makarantu ba ɗaya suke ba. Jami'a mai dukiya tana da ma'aikatan da za su zauna da ɗalibi su saurare shi, ƙaramar kwalejin da talakawa suka fi cika kuwa tana da 'yan jami'ai kaɗan a kan dubban fayiloli. Wasu makarantun ma suka ɗauki al'adar ƙin duba kowace irin bukata. Ta haka abin da aka tanada don marar gata yakan fi amfanar mai uwa a gindin murhu.

Masu wayo kuma ba su bar tsayayyun ƙa'idojin ba. A 2019 'yan jaridar ProPublica da na Wall Street Journal suka tona yadda wasu iyalai masu hali a unguwannin kewayen Chicago suke zuwa kotu su miƙa riƙon 'ya'yansu ga dangi ko abokai gab da gama sakandare, domin yaran su zama 'yan kansu a idon doka su sami tallafin matalauta. Mudu bai ga komai ba, domin takardun kotu na gaskiya ne. Ma'aikatan Jami'ar Illinois ne suka lura, suka shiga yi wa irin waɗannan ɗalibai tambayoyi. Ashe idon mai awo ba don sassauci kaɗai ake bukatarsa ba, har da kama algus.

A ƙarshen Disamba 2020 aka kafa dokar sauƙaƙa FAFSA, wadda Sanata Lamar Alexander ya daɗe yana fafutukar samu. Ta rage tambayoyin takardar, waɗanda dā sun haura 100. Game da batunmu kuwa ta yi abubuwa uku, waɗanda suka fara aiki daga 2023 zuwa 2024. Ta hana makaranta ta kafa ƙa'idar ƙin duba dukan bukatu. Ta wajabta mata ta sanar da ɗalibai a fili cewa suna da damar neman a duba halinsu. Ta kuma ambaci irin halin da zai sa a mai da yaro ɗan kansa, kamar watsi da iyaye suka yi da shi, ko zaman kurkuku, ko gudun hijira, ko faɗawa hannun masu fataucin mutane. Daga shekarar da ta biyo baya kuma aka ba irin wannan yaro damar ya cika takarda ba da iyaye ba, a ba shi matsayin wucin gadi kafin makaranta ta tabbatar. Jami'i har yanzu yana iya cewa a'a, amma sai bayan ya duba.

Kammalawa

Jama'a, mun ga matakai huɗu. Da fari ganin dama ne tsantsa. Daga 1954 aka sami mudu, amma na shawara. A 1986 mudu ya zama doka, aka kuma rubuta ikon duba hali a gefensa da iyakokinsa. A 2020 aka gane cewa ikon da ba a sanar da shi ba bai kai ga waɗanda aka yi shi dominsu ba. An ɗauki shekara 34 tsakanin buɗe ƙofar da wajabta a nuna wa mutane inda take.

Wannan tambaya ta iso gare mu. Dokar rancen ɗalibai da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuni 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigar iyalinsa bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo masu tsaya masa biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi ko ma'aikatan shari'a. Kowa ya ga cewa ɗan talakan da aka yi dokar dominsa shi ne zai fi rasa irin waɗannan mutane. A watan Afrilu 2024 aka soke ta aka kafa sabuwa, aka cire sharuɗɗan biyu. Amma duk ran da masu nema suka fi ƙarfin abin da ke akwai, a asusun tarayya ne ko a hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi, tilas a koma ga awo. A ƙasar da manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ba su da takardar albashi kuwa, nauyin da zai hau kan idon mai awo zai fi na Amurka yawa.

Saboda haka abin da nake roƙon masu tsara irin waɗannan dokoki su ɗauka daga wannan tarihi abu uku ne. A yi mudu guda wanda kowa ya san girmansa. A ba jami'i ikon duba hali, amma ya rubuta dalilinsa, wani kuma ya bincika. Sa'an nan a sanar da kowane ɗalibi, da harshen da iyayensa ke ji, cewa yana da damar ya ce a sake duba shi.